TARBIYYA: Lokacin da Neman Sanin Kai Ya Fito Daga Zaure Ya Shiga Kasuwar Kano

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. A gyara zama, don yau tafiyar da ɗan tsawo.

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya san ana yayin maganar sanin kai. Za ka ga Bature ko Ba'indiye ya harɗe ƙafa, ya rufe ido, ya ce ka ja numfashi a hankali, ka zuba wa tunaninka ido, in ka dage wata rana za ka farka daga barcin da kake ciki. Matasanmu da yawa sun ɗauka wani sabon ilimi ne da intanet ta kawo. To yau cikin ganuwar Kano za mu shiga, mu koma baya kamar shekara tamanin, lokacin da tambayar "wane ne ni, kuma yaya zan san Ubangijina" ta tashi daga hannun dattawa ƙalilan ta faɗo hannun teloli da 'yan koli da matan aure. Abin ya raba sahu a masallatai, ya sa sarki ya miƙa wuya ga malamin da ya girme wa, ya kuma bar muhawarar da har yau ba ta mutu ba. Sunan abin tarbiyya.

Tun kafin mu yi nisa: mun san ɗan ɗarika yana karanta mu, ɗan Izala ma yana karanta mu. Tarihi muka zo bayarwa. Inda muka faɗi abin da sufaye suka yi imani da shi za mu ce su suka ce, inda masu suka suka yi magana su ma za mu ba su bakinsu.

Da farko dai, tarbiyyar da muke nufi daban take da wadda uwa ke yi wa ɗa a gida, ko da yake kalmar ɗaya ce. A yaren sufaye, tarbiyya ita ce shehi ya riƙe hannun almajiri ya bi da shi mataki mataki har ya kai ga abin da suke kira ma'arifa, wato sanin Allah na ɗanɗano. Suna kafa hujja da hadisin nan na Mala'ika Jibrilu da ya kasa addini gida uku: Musulunci, Imani da Ihsani. Suka ce fiƙihu ya kula da na farko, tauhidi ya kula da na biyu, na ukun kuma, wato bauta wa Allah kamar kana ganinsa, shi ne fagen sufanci. Akwai wata magana da ta shahara a bakinsu, mai nuna cewa sanin kai shi ne ƙofar sanin Ubangiji. Malaman hadisi irin su Nawawi da Suyuɗi sun ce ba ta tabbata daga Annabi (SAW) ba, maganar magabata ce. Amma ma'anar da sufaye ke ɗauka a cikinta mai sauƙi ce: wanda ya gane shi mai rauni ne, mabuƙaci, mai ƙarewa, ya kama hanyar gane Mai ƙarfi, Mawadaci, Wanzajje. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Aikin farko a wannan hanya shi ne mutum ya sauko ya dubi tudun da yake tsaye a kai.

To yaya Kano take kafin wannan guguwa?

Kano garin fiƙihu ne tun fil azal. Unguwar Madabo, wadda tarihinta ke komawa ga Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali, ta yi suna wajen karantar da Muhtasar na Halilu, har akwai sarautar Babban Malami na Madabo. Ɗalibi zai fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya da Risala, in Allah ya yi masa tsawon rai da naci ya kai Muhtasar. Sufanci ma yana nan tun da daɗewa. Shehu Magili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma Ƙadirawa suna ambatonsa cikin waɗanda suka kawo ɗarikarsu ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa Baƙadire ne, kuma ya ba da labarin buɗin da ya samu yana ɗan shekara 36, inda ya ce an yaye masa lulluɓin da ke kan ganinsa da jinsa. Ka ga ke nan maganar farkawar zuciya tana cikin tushen daular da Kano ta shiga bayan jihadi.

Sai dai fa a wancan zamanin abin na 'yan tsiraru ne. Sai mutum ya tsufa a karatu, ya yi hidimar malami shekara da shekaru, sannan a ba shi wani sirri, ya shiga halwa, wataƙila ta kwana arba'in, ba ya ganin kowa, abinci ɗan kaɗan. Talaka mai neman na cefane ina ya ga wannan lokacin? Shi dai nasa ya karɓi wuridi, ya nemi albarka, ya kai ziyara kabarin waliyyi. Kai, har a cikin littattafan sufaye akwai maganar da Shehu Ahmadu Zarruƙu, malamin Maroko da ya rasu a 1493, ya ruwaito daga malaminsa, cewa tarbiyya irin ta tsari ta ɗauke tun shekara ta 824 bayan hijira, abin da ya rage sai himmar shehi da halinsa. Mutane da yawa sun fahimci maganar a kan cewa ƙofar ta rufe, zamanin arifai ya wuce, mu dai sai karanta labarinsu.

A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, abubuwa suka fara sauyawa. Ɗarikar Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani ya kafa, wanda ya rasu a Fas a 1815, ta shiga fada a zamanin Sarki Abbas. A shekarun 1920 wani Sharifi daga Maroko, Sharif Alami, ya sauka a Kano ya ƙarfafa wa Tijjanawa gwiwa su riƙa haɗuwa a zawiya suna wazifa cikin jam'i. A daidai wannan lokaci aka yi wani malami mai kaifi, Malam Muhammadu Salga. A Madabo ya yi karatu, amma ya juyo ya soki wasu al'adun da malaman gari suka saba da su, musamman tarukan sadakar mamaci, ya ce ba su da tushe. Aka yi ta rubuce-rubucen raddi tsakaninsa da Madabawa. Almajiransa su ake kira Salgawa. Ku lura da kyau: mutanen da za su buɗe wa tarbiyya ƙofa a Kano 'yan fiƙihu ne masu tsanani, waɗanda suka yi suna wajen tambayar "ina hujjarka?"

Yanzu bari mu tsallaka Senegal na ɗan lokaci, don a can ruwan ya ɓalle.

A garin Kaulaha akwai wani matashi ɗan gidan malamai, Ibrahim ɗan Alhaji Abdullahi Inyas, an haife shi a 1900. Tijjanawa suna da wata bushara da suke ruwaitowa daga Shehu Tijjani, cewa wata faila za ta zo wa mabiyansa, mutane su riƙa shiga ɗarika ƙungiya ƙungiya, kuma za ta zo ne lokacin da ake cikin tsanani. Faila a Larabci ambaliya ce, ruwan da ya cika ya tumbatsa. A 1929, yana ɗan shekara 29, Shehu Ibrahim ya bayyana cewa failar nan ta zo, kuma a hannunsa ta zo. Ya ce duk mai son sanin Allah na haƙiƙa ya zo, ƙofa a buɗe take. Wasu daga cikin 'yan gidansu ba su yarda ba, har ta kai shi ga fita da mutanensa ya kafa sabuwar unguwa, Madina, wadda yau ake kira Madina Baye. A farkon shekarun 1930 ya rubuta Kashiful Ilbas, littafin da ya kare da'awarsa da shi, kuma a ciki ya tunkari maganar Zarruƙu kai tsaye. Amsarsa ita ce: salon tarbiyya na dā, na doguwar halwa da yunwa, shi ne ya wuce, amma Allah bai taɓa barin zamani babu mai shiryar da zukata ba.

Ga inda labarin ya haɗu da Kano. A 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya tafi aikin hajji, tare da shi akwai Walin Kano Sulaimanu. A ƙasa mai tsarki suka gamu da Shehu Ibrahim. Ka auna abin da idon basira. Sarkin Kano ne fa, mai mulkin masarautar da ta fi kowace yawan jama'a da arziki a Arewa, ya haura shekara hamsin. Ɗayan kuma malami ne ɗan shekara 37 daga ƙasar da Faransa ke mulka, ba Balarabe ba, ba Sharifin Fas ba, baƙar fata kamar kowa. Amma Sarki ya sabunta ɗarikarsa a hannunsa, ya kuma gayyace shi Kano.

Yaƙin duniya na biyu ya shiga tsakani. A tsakiyar shekarun 1940 Shehu Ibrahim ya zo Kano ba tare da wani gagarumin taro ba, kuma Kashiful Ilbas ya shiga hannun almajiran Malam Salga, wanda a lokacin ya riga ya rasu. Suka karanta shi da idon masu fiƙihu, suka ga mutumin ya san Ƙur'ani, ya san hadisi, ya san maganganun magabata. Sai manyansu suka ɗaura niyyar Kaulaha. Cikinsu akwai Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari, da Malam Abubakar Atiku na Sanka, da Malam Sani Kafinga, da Malam Shehu Maihula. Waɗannan fa ba yara ba ne. Kowannensu yana da zaure cike da ɗalibai, ana durƙusa masa a gari. Suka bar wannan girman suka je suka zauna a gaban wani a matsayin almajirai.

Me ya kai su? Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni sha'awa a duk labarin. Mutum ya haddace babin tsarki, ya san hukuncin gado, ya iya warware mas'alar da ta gagari alƙali, amma in ya kabbara sallah zuciyarsa tana Kasuwar Kurmi. Ya san siffofin Allah ashirin a ƙidaya, yana karantar da su, amma a ransa ya san ji yake yi, bai gani ba. Irin wannan ƙishin ne ya sa Imam Gazali ya ajiye kujerarsa ta babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 ya shiga duniya. Sufaye suna buga misali da zuma: ko littafi nawa ka karanta a kan zaƙinta, wanda ya lasa ya fi ka sani. Mu kuma muka ce gani ya kori ji.

Da suka dawo, suka fara yi wa mutane tarbiyya a zaurukansu na cikin birni. Shehu Ibrahim kuma ya riƙa turo wakilai, fitacce a cikinsu shi ne Shehu Hadi, mutumin Muritaniya. Zuwa farkon shekarun 1950, lokacin da Shehun ya dawo Kano a bainar jama'a, taron da ya tarbe shi ya nuna cewa abin ya riga ya fi ƙarfin zaure.

To wai yaya ake yin tarbiyyar? Masu ita ba sa baza bayaninta a fili, suna cewa abin ɗanɗano ne. Amma tsarinta a dunƙule sananne ne. Da farko sai mutum ya zama Batijjane mai riƙe da wuridinsa: lazimi safe da yamma, wato istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, sai wazifa kullum, sai zikirin Juma'a bayan la'asar. Idan ya nemi tarbiyya, muƙaddami zai ƙara masa wasu zikirai masu yawa, galibi Salatul Fatihi da hailala, ya ce ya dage da su, ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Lokaci lokaci zai dawo, muƙaddami ya yi masa tambayoyi don ya ji inda ya kai. Ba a ba shi amsa. In ya kawo amsar da ya haddato daga littafi, sai a ce ya koma ya ci gaba. Wani kwanaki kaɗan, wani makonni, wani ya fi haka. Abin da ake jira shi ne halin da suke kira fana'i: mutum ya daina ganin kansa a matsayin wani abu mai tsayuwa da ƙafarsa, "ni" ɗin nan da yake ta kare wa mutunci tun yana yaro ta narke, babu abin da ya rage a zuciyarsa sai Allah. A wannan hali wani kuka yake yi, wani ya yi shiru kamar an ɗauke masa harshe, wani ya yi ta sambatu. Daga nan sai shehi ya jawo shi zuwa mataki na gaba, wato baƙa'i: ya dawo cikin mutane, ya san bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne, ya koma kan sallarsa da sana'arsa da iyalinsa.

A wata wasiƙa tasa da ta shahara, Shehu Ibrahim ya kasa matakan addini uku ɗin nan zuwa tara. A ƙarƙashin Musulunci akwai tuba, da istiƙama, da taƙawa. A ƙarƙashin Imani akwai ikhlasi, da gaskiya, da natsuwa. A ƙarƙashin Ihsani akwai muraƙaba, wato ka zauna kullum da sanin ana kallonka, sai mushahada, sai ma'arifa a ƙarshe. Ku dubi jerin da kyau. Ma'arifa ce ta tara. Tuba ce ta ɗaya. Babu tsani da ake fara hawa daga sama.

Sabon abin da faila ta kawo shi ne wanda aka buɗe wa ƙofar. Ba a ce sai ka sauke Muhtasar ba. Ba a ce sai ka yi furfura ba. Ba a ce ka rufe shago ka shiga kogo ba. Tela zai yi ɗinkinsa da rana, da dare ya zauna da carbinsa. Kuma ku tuna wace irin Kano ce ta wancan lokacin. Jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, dalar gyaɗa ta tashi, baƙi suna ta kwararowa daga ƙauyuka da wasu ƙasashe. Saurayi ya baro garinsu, ba dangin iya ba na baba, a birnin da ake tambayar ɗan gidan wane ne kai. Sai ga zawiya inda za a shimfiɗa farin ƙyalle a zauna a kewaye, attajiri kusa da ɗan dako, a kuma gaya masa cewa mafi tsadar ilimi a duniya shi ma yana da rabo a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ilimi da sarauta suke bin gida. Zumuncin zawiya ya zama amanar kasuwa: ɗan'uwa a ɗarika zai ba ka kaya bashi, ya sauke ka a gidansa a Kumasi ko Fort Lami. Bature mai bincike John Paden, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1973, ya nuna yadda wannan tafiya ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari a inuwa ɗaya.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Shehu Ibrahim ya karantar da 'ya'yansa mata, ya kuma ce ma'arifa ba ta san namiji ko mace ba. A Kano an samu mata muƙaddamai da suke ba 'yan'uwansu mata wuridi a cikin gida, wasu suka buɗe makarantu. A garin da kulle ya yi ƙarfi, wannan hanya ce da ilimi ya bi ya shiga tsakar gida.

Ƙadirawa fa? Ba su zauna kallo ba. A unguwar Kabara, daf da Gidan Rumfa, Shehu Nasiru Kabara ya tattara rassan Ƙadiriyya wuri ɗaya, ya je Bagadaza a 1953 ya ƙulla alaƙa da gidan Shehu Abdulƙadir kai tsaye, ya fito da zikirin bandiri fili, ya kuma kafa maukibin da ake fita duk shekara a watan Rabi'us Sani. Masu kallon bidiyon jan numfashi, ku je ku ga zikirin anfasu na Ƙadirawa, inda ake ambaton Allah da fitar numfashi da shigarsa, sahu guda kamar ƙirji ɗaya. Wato ɗariku biyun, kowace da salonta, sun ɗauko abin da yake ɓoye sun kai shi ga jama'a.

Amma ruwa in ya yi ambaliya ba gona kaɗai yake shiga ba.

Rigima ta farko a kan hannu aka yi ta. Mutanen faila suka koma yin ƙablu, wato ɗora hannu a ƙirji cikin sallah, alhali ƙasar Hausa ta saba da sadlu, sakin hannu. Shehu Ibrahim ya yi rubutu yana kare ƙablu, Shehu Nasiru Kabara ya yi rubutu yana fifita sadlu. Abu ya kai wani ba ya bin wani sallah. A lardin Sakkwato, inda ake ganin faila a matsayin ƙalubale ga gidan Shehu Usmanu, har rushe masallatan Tijjanawa aka yi a 1949, daga baya kuma aka zubar da jini. Siyasa ma ta shigo. Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ya gaji mahaifinsa a 1953, shi ne babban jigon faila a Najeriya, kuma lokacin da gwamnatin Sardauna ta sa ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare bayan binciken kuɗin En'e ta Kano, Tijjanawa da yawa sun ɗauki abin a matsayin an taɓa ɗarikarsu. Ka ji fa, tafiyar da aka fara don a kashe "ni" ta zo ta haifi "mu da su".

Rigima ta biyu ta fi zurfi, don a cikin tarbiyyar kanta take. Idan ka buɗe wa dubban mutane ƙofar fana'i, wa zai tabbatar kowa ya dawo? Wani zai shiga halin, ya ji abin da bai taɓa ji ba, ya fito yana maganganun da in an auna su da ma'aunin tauhidi ba za su tsaya ba. Wani ma bai ɗanɗani komai ba, kalmomin kawai ya kwaso yana burga da su a majalisa. Wani ya ce shi ya riga ya isa, sallah ta masu tafiya ce. Shehu Ibrahim da kansa ya yi ta gargaɗi a kan irin waɗannan a wasiƙunsa, waɗanda almajirinsa Shehu Abul Fathi na Maiduguri ya tattara a Jawahirur Rasa'il, yana nanata cewa wanda ya saki shari'a ba shi tare da shi. Malaman Kano na farko suna da garkuwa, domin sun shiga tarbiyya da fiƙihunsu a hannu, kuma ba su daina karantar da Risala da Muhtasar ba har suka koma ga Allah. Malam Tijjani Usman ya rasu a 1970, Malam Atiku a 1974, Shehu Ibrahim kansa a Landan a 1975. Matsalar ta fi fitowa inda aka samu muƙaddami ba karatu, almajiri ba haƙuri.

Daga waje kuma suka ta taso da ƙarfi. Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na aƙida a 1972 yana sukar ɗariku, aka kafa Izala a Jos a 1978. Hujjarsu ita ce Annabi (SAW) bai ɓoye komai na addini ba, duk wani wuridi ko sirri da ba a samu a sunna ba bidi'a ne, kuma maganar narkewa cikin Allah tana iya kai mutum ga shirka. 'Yan ɗarika suka amsa cewa zikiri da tsarkake zuciya umarnin Ƙur'ani ne, kuma fana'i hali ne na zuciya, ba cewa bawa ya zama Allah ba. Wannan muhawara kun san ta, wasunku a gidajenku ake yin ta. Ko a 2015, lokacin da kalaman wasu da ake kira 'yan haƙiƙa a wani taron maulidi suka hargitsa Kano har magana ta kai kotu, manyan shehunan Tijjaniyya fitowa suka yi suka barranta da su. Tsohuwar matsalar ce dai: wanda ya tafi bai dawo ba, ko wanda bai je ko'ina ba yake da'awar ya iso.

To me matashin yau zai ɗauka a wannan tarihi, ko yana ɗarika ko ba ya yi?

Na farko, ƙishin da kake ji in ka ajiye waya da tsakar dare, ka ji kamar rayuwarka ta wani ce kake yi, ba sabon ciwo ba ne. Malaman da suka fi mu karatu nesa ba kusa ba sun ji shi, har ya tashe su daga Sanka da Zangon Barebari ya kai su Kaulaha ta Senegal. Kada ka ji kunyarsa, kada kuma ka bari mai sayar da kwas a intanet ya gaya maka kakanninka ba su san zancen ba.

Na biyu, duk ɓangarorin da suka yi wannan rigima, in ka tace maganarsu, akwai ma'auni ɗaya da ba su saɓa a kansa ba: a dubi mutum bayan ya ce ya farka. Yana sallah a kan lokaci? Mudunsa cikakke ne? Matarsa da 'ya'yansa sun samu sauƙinsa ko sun ƙara shan wuya? In an taka shi a layin mai, yaya yake yi? Ya rage ganin kansa, ko kuwa yanzu ne ma yake ganin kowa a ƙasa saboda shi "ya sani"? Gwangwanin da babu komai a ciki ya fi ƙara. Hali mai daɗi da mutum zai ji a zaune ido rufe, ko a zawiya ko a ɗakinsa da abin sauraro a kunne, yana iya zuwa ya wuce kamar hadarin kaka. Mutanen Kano na wancan zamani sun auna tafiyar ne da abin da mutum ya dawo da shi rumfarsa a Kurmi ranar Asabar da safe.

Na uku, ba su yi tafiyar su kaɗai ba, kuma ba su fara ta daga sama ba. Akwai wanda zai ce maka "koma, ba ka kai ba", kuma akwai karatun da ya riga ya zauna kafin a nemi ɗanɗano. Ko ka yarda da hanyarsu ko ba ka yarda ba, wannan gargaɗin ya shafi duk mai neman ya san kansa: zuciya gwanar yaudara ce, tana iya ɗaukar girman kai ta sa masa rawani ta ce maka ma'arifa ce.

A nan za mu dakata. Wanda kakansa ko kakarsa suka ga zuwan Shehu Ibrahim Kano, ko suka yi karatu a ɗaya daga cikin zaurukan da muka ambata, a tambaye su tun suna raye, a rubuta abin da suka faɗa, don irin wannan tarihin a ƙirjin tsofaffi yake. A yi muhawara da ladabi, ban da zagin malamin kowa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya nuna mana aibin kanmu kafin na wasu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.